Ƙuri'ar Ɗakin Inna

Shafi na 17

Assalamu alaikum. Masu cewa na bar Inna Kulu a tsakar gida na gudu, ku yi haƙuri, ga ni na dawo. Ga waɗanda yau suka shigo cikinmu: Malam Muntaka ya rasu ya bar gida ɗaya a Tudun Wada, da gona, da matarsa Inna Kulu, da 'ya'ya uku, Auwal, Rauda da autansu Suhaibu. Inna ta fita takaba, yau ake raba gidan.

*

Rauda tana ɗauraye kofuna a bakin rijiya wayarta ta yi ƙara. Godfrey ne, abokin Suhaibu tun suna firamare, mai shagon gyaran kwamfuta a unguwar Kongo. Ya ce yana ƙofar gida, ta fito ita kaɗai.

Ta same shi jingine da babur, bai ko cire hular kwano ba.

"Anti Rauda, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Godfrey. Ba za ka shigo ka gaida Inna ba?"

"Yau ba zan iya haɗa ido da Inna ba."

Ta gyara hijabinta. "Me ya faru?"

"Kin san abin da Suhaibu yake yi a waya?"

"Kirifton nan da ya ce kasuwanci ne?"

"Da kuɗin kirifto ake yi, amma caca ce, Anti. Ɗan lido ne na waya. Lamba ce take fitowa tsakanin ɗaya da ɗari, kai kuma ka zaɓa, sama za ta faɗa ko ƙasa. In ka dace a ninka maka. In ba ka dace ba shi ke nan."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Makon jiya ya kawo mini wayar, wai in bincika masa, yana zargin ana cutarsa. Su masu wasan suna da hanyar nuna gaskiyarsu. Kafin a jefa, sai su kulle nasu sirrin kamar a cikin akwati, su nuna maka kwaɗon. Kai ma ka rubuta wata kalma taka a haɗa da nasu, daga nan lambar take fitowa. Bayan an jefa su ba ka makulli, ka buɗe ka gani da idonka ba a canza komai ba."

"To, ka duba?"

"Na zauna na bi jifan da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Ba su cuce shi ba. Ko sau ɗaya."

"To ai da sauƙi."

"Babu sauƙi, Anti. Da na samo cuta, da ya yi zuciya ya bari. Ina ce masa babu cuta sai ya rungume ni yana dariya. Ya ce ashe kuɗinsa suna nan, jiransa suke yi."

"In ba a cutarsa, ya aka yi kullum shi ke faɗuwa?"

"A fili suka rubuta, ba su ɓoye ba. Duk abin da aka zuba, ɗaya cikin ɗari nasu ne. In sau ɗaya ka yi ba za ka ji ba. In kana yi safe da yamma sai sun kwashe komai, kuma ba su yi maka ƙarya ba."

Ya cire hular kwanon ya riƙe a hannu.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Shekaranjiya ya ce in zo in zama shaida. Ya sayar wa maƙwabcinku Alhaji Nagoda rabonsa na gidan nan. Duk sashen da ƙuri'a ta ba shi, na Alhaji ne. Ni na ƙi, amma sun samu wasu sun sa hannu."

Rauda ta dafa bango.

Gidan kashi biyu aka yi shi tsakanin mazan. Akwai sashen waje mai shaguna biyu a bakin titi. Akwai sashen ciki, inda rijiya take, da madafi, da ɗakin da aka kawo Inna tana amarya. Rabon Rauda da tumunin Inna an fitar musu a gona. Ranar da ake ƙiyasi, liman Malam Kailani ya ba da shawarar a sa ɗakin cikin tumunin Inna, ita ce ta ƙi. Ta ce kar a tsattsaga wa yara gida, duk wanda ɗakin ya faɗa wa ai ɗanta ne.

Katangar sashen ciki kuwa ita ce katangar Alhaji Nagoda. Kowa a layin ya san ya daɗe yana son ya fasa ta ya jera ɗakunan hayar ɗalibai.

*

Ta sami Suhaibu a ɗakin soro, kwance a kan katifa, wayar tana jone da caji. Leɓensa ya bushe. Kokon da aka kawo masa tun safe ya yi sanyi a gefe.

Ta rufe ƙofa.

"Tashi zaune."

"Yaya Rauda, lafiya?"

"Ka sayar wa Nagoda?"

Bai tashi ba. Ya kifa wayar a ƙirjinsa.

"Godfrey ne ko? Bakinsa ba ya riƙe magana."

"Tambayarka na yi."

"Rabona ne. Haƙƙina na sayar, ban taɓa na kowa ba."

"In sashen ciki ya faɗo maka fa? Ina Inna za ta kwana?"

"Ba za a kai nan ba."

"Ina za ta kwana, Suhaibu?"

Ya tashi zaune da sauri, ya miƙo mata wayar.

"Ki duba nan. Kin ga wannan dogon rubutun? Kwaɗon ke nan. Tun kafin in jefa suke kullewa, ba su isa su canza ba. Godfrey ya duba da kansa. Ba irin 'yan damfarar nan ba ne da suke gudu da kuɗin mutane. Wannan abu ne na gaskiya."

"Ban ce ƙarya ne ba."

"To kin gani. Sa'a ta daɗe tana ba ni baya. Abin da babu maguɗi a ciki dole ya juyo, ba zai yi ta tafiya gefe ɗaya ba. Yanzu ne ma lokacin. In na bari yanzu, wani ne zai zo ya kwashi abin da na tara."

"Ɗan lidon ya san ka ne? Ya san jiya ka faɗi? Tausayinka zai ji?"

"Ba za ki gane ba."

"Fahimtar da ni."

Ya matso da wayar kusa da fuskarta, ya nuna wani ƙaramin gurbi.

"Nan kake rubuta taka kalmar. Wasu shirme suke sawa. Ni kin ga abin da na sa?"

Ta duba. Haruffa huɗu ne. Kulu.

"Da sunan Inna nake jefawa. Albarkar uwa ba ta faɗuwa ƙasa."

Rauda ta ja da baya kamar ta taka wuta.

"Sunan Inna ka kai gidan caca?"

"Ki daina cewa caca. Yau Malam Kailani me zai yi a tsakar gidan nan? Ba ƙuri'a ba? Shi in ya yi, adalci ne. Ni in na yi, ɗan iska ne."

"A ƙuri'ar Malam, wanda bai samu abin da yake so ba da rabin gida zai tashi. Kai da me kake tashi?"

Ya mayar da idonsa kan wayar.

Ta durƙusa a gabansa, ta sassauta murya.

"Auta. Ni na goye ka. Abu ɗaya nake roƙo. In Malam ya zo, ka ce ba sai an yi ƙuri'a ba, ka bar wa Yaya Auwal sashen ciki. Nagoda ya ɗauki shagunan, Allah ya sa haka ya fi alheri. Ba zan gaya wa Inna komai ba. A bar mata ɗakinta kawai."

"Ba zan iya ba."

"Don me?"

Ya kawar da kai.

"Alhaji ya ce in sashen ciki ne ya faɗo mini, akwai ƙari. Ƙari mai kauri."

"Wato so kake ɗakin ya faɗo maka."

"Na kwana biyu ne kawai! In na karɓi ƙarin zan zuba gaba ɗaya, in ta juyo in biya Alhaji kuɗinsa in fanshi gidan, har in yi wa Inna silin da tayil. Ba za ta ma san an yi ba."

"In ba ta juyo ba fa?"

"Za ta juyo."

"Kuɗin farko da ya ba ka suna ina?"

Ya ɗauki wayar ya kunna.

"Yaya Rauda, ki ja mini ƙofar in za ki fita."

*

Auwal yana shimfiɗa tabarmi a inuwar mangwaro Rauda ta jawo shi bayan madafi. Ya saurara har ta gama, yana goge gilashinsa da bakin riga.

"Kar Inna ta ji," ya ce. "Kin san jininta."

"Yaya, ka dakatar da rabon."

"In ce me? An gaya wa Malam, an gaya wa shaidu. Ko na ɗaga yau, yaron nan yana da haƙƙin ya nemi rabonsa gobe."

"An ce shari'a ta ba ka damar ka fanshe tunda kai ne abokin tarayya."

"Ta ba ni. Da me zan fansa? Da albashin ƙaramar hukuma?"

"To me za mu yi?"

"Rabi da rabi ne, Rauda. Mu yi addu'a."

"Rabi da rabi. Har kai ma ka fara magana irin tasa."

Ya mayar da gilashin, ya koma wajen tabarminsa.

*

Bayan azahar Malam Kailani ya iso da dattawa biyu na masallaci. Ba a jima ba Alhaji Nagoda ya yi sallama, da babbar riga da ƙamshin turare.

"Na ce maƙwabci ba ya ƙin zuwa shaidar alheri," ya ce.

"Ka kyauta, Alhaji," in ji Inna daga bakin ƙofarta. "Marigayi ya san da zamanku. A ba shi darduma."

Suhaibu ne ya fito a ƙarshe. Ya zauna can gefe, bai dubi kowa ba.

Malam Kailani ba ya ƙuri'a da takarda. Ya ce takarda ana iya lanƙwasa ta a yi mata alama. Shi goro yake sawa a kawo, fari da ja, masu girma ɗaya, a zuba a kwano a rufe da faifai. Kuma uwa yake sawa ta zaro, don ba a taɓa samun ɗan da ya ce bai yarda da hannun uwarsa ba.

"Rauda, a kawo mana goro."

Ta shiga ɗakin Inna. Goron yana cikin ganye a ƙasan gado, inda yake zama tun tana yarinya. Ta kwance. Ta zaɓi fari, ta zaɓi ja. Ta tsaya tana kallon gadon ƙarfen, da jeren kwanukan da ke bango, da wurin da goshin Inna ya koɗar da dardumar salla.

Ta ƙara ɗaukar fari guda, ta damƙe a hannun hagu cikin hijabi.

A waje ta buɗe tafin damanta a gaban Malam. Ya juya su da yatsa, ya gwada girmansu.

"Sun yi. Kowa ya gani?"

"Mun gani," in ji dattawan.

Alhaji Nagoda ya leƙo sosai kafin ya gyaɗa kai.

"Fari na Auwal, ja na Suhaibu," in ji Malam. "Wanda nasa ya fito, sashen ciki nasa ne. Ɗayan ya ɗauki na waje. Kun yarda?"

"Na yarda," in ji Auwal.

"Na yarda," in ji Suhaibu.

Rauda ta durƙusa a kan kwanon, hijabin ya sauko ya rufe hannuwanta. Aka ji ƙarar goro biyu sun faɗa. Ta ɗora faifai, ta girgiza, ta tura gaban Inna da hannun dama.

Goron da ke cikin kwanon duka farare ne. Jan yana damƙe a hagunta, zufa tana jiƙa shi.

Inna ta yi murmushi.

"Ni duk wannan wahala ce, Malam. Ko yayansu ko autan, ai ɗaya ne a wurina. Sai dai in na autan ne ya fito, zan sha fama da kiɗan waya."

Dattawan suka yi dariya. Alhaji Nagoda ma ya yi.

Inna ta yi bisimilla, ta zura hannu ƙarƙashin faifan. Ta ɗan daɗe tana lalube. Auwal ya sunkuyar da kai, leɓensa yana motsi. Suhaibu ya miƙe wuya, idonsa a kan faifan, irin kallon da yake yi wa wayar.

Inna ta zaro hannu ta buɗe.

Fari.

Auwal ya saki numfashi har sai da aka ji. Murmushin Alhaji Nagoda ya ɗauke.

"Alhamdu lillahi," in ji Malam Kailani. "Sashen ciki na Auwal, na waje na Suhaibu. Allah ya sa albarka, ya jiƙan mai gidan. Mu shafa..."

"A ɗaga faifan."

Kowa ya juya. Suhaibu ne.

"Me ka ce, ɗana?" in ji Malam.

"A ɗaga faifan mu ga wanda ya rage."

"Kai, Suhaibu," in ji Auwal. "Ka san gaban wa kake?"

"Na sani, Yaya. Ba rashin kunya ba ne. An nuna mana kafin a rufe, to a nuna mana bayan an zaro. Haka ake yi in abu na gaskiya ne."

"A ina ake yin haka?" in ji ɗaya daga cikin dattawan. "Mu tunda muke zuwa rabon gado ba mu taɓa ganin an binciki kwanon uwa ba."

"Inda ba su san Allah ba ma suna buɗewa a gani, Baba. Balle nan."

Malam Kailani ya dube shi na ɗan lokaci.

"Suhaibu, mahaifiyarka ce ta zaro."

"Ban zargi Inna ba. Ba ita ta zuba ba."

Rauda ba ta ɗago ba. Tana jin goron yana huda tafinta.

Alhaji Nagoda ya yi gyaran murya.

"Allah gafarta Malam, ni a ganina yaron bai faɗi abin laifi ba. Ɗaga faifai ai ba wuya. In ja ne a ciki, kowa ya tashi zuciyarsa wasai. In kuma an samu kuskure, sai a sake."

Inna ta juyo a hankali ta dube shi.

"Alhaji, kai mene ne naka a ciki?"

"A'a, Hajiya, ni shaida ne kawai."

"Shaida. To."

Ta dubi Suhaibu, ya sunkuyar da kai. Ta dubi Auwal, shi ma ya sunkuyar. Ta daɗe tana kallonsu su biyun.

Malam Kailani ya numfasa, ya miƙa hannu wajen kwanon.

"Tunda mai haƙƙi ya nema, ba zan hana shi ba. Hajiya, a yi haƙuri."

Kafin yatsunsa su kai, Inna ta ɗora tafinta a kan faifan ta danne.

"Dakata, Malam."

Auwal ya ɗago. Rauda ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji.

Inna ba ta ɗauke hannu daga faifan ba. Ta juya gefen da 'yarta take durƙushe, ta yi magana da muryar da take kiranta da ita tun tana ƙarama.

"Rauda. Tun da kika fito daga ɗakina da hannu ɗaya kike aiki."

"Inna..."

"Fito da na hagun. Buɗe mini."